Kuɗin waƙa a Spotify, Boomplay da YouTube: tambayoyin da mawaƙanmu na Legas suke ta yi min

Ina aikin haɗa sauti a wani ɗan ƙaramin situdiyo a Agege, kuma yawancin masu zuwa wajena yaranmu ne 'yan Arewa, wani da rana yana Mile 12 wajen tumatur da tattasai, wani gadi yake yi a Ikoyi, wani daga Idi-Araba ko Alaba Rago yake shigo danfo da daddare a yi rikodin har asuba. Duk wanda muka gama wa aiki sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi min tambayoyi kusan iri ɗaya. Shi ya sa na ce bari in tara su waje guda, wanda ya tambaya in tura masa ya karanta a tsanake.

1. Wai da gaske ana biyan mutum in an saurari waƙarsa a waya?

Da gaske ne, amma ba kowane sauraro ba. Wanda ya je wajen masu tura waƙa aka zuba masa a memori, ko abokinsa ya tura masa ta Xender ko WhatsApp, wannan ko sisi ba ya zuwa wajenka. Wanda ake biya shi ne sauraron da aka yi a cikin manhajojin da suke da lasisi, irin su Spotify, Apple Music, Boomplay, Audiomack, YouTube da Deezer. Su suna samun kuɗi ta hanya biyu, masu biyan kuɗin wata da kuma talla da ake sa wa masu saurare kyauta, daga nan suke cire kason masu waƙa. A Spotify sai mutum ya saurari aƙalla daƙiƙa 30 kafin a lissafa shi a matsayin sauraro ɗaya.

2. To nawa ake biya a kan sauraro ɗaya?

Wannan ce tambayar da aka fi yi min, kuma ita ce mutane suka fi ruɗewa a kanta saboda 'yan bidiyoyin da ake yawo da su ana cewa sauraro miliyan ɗaya kaza ne. Babu wani tsayayyen farashi. Ka san watanda? To kusan haka abin yake. Duk wata kamfanin yana tara abin da ya samu a ƙasa, ya riƙe nasa, Spotify dai ta ce kusan kashi biyu cikin uku take bai wa masu haƙƙin waƙa, sai a raba wannan gwargwadon yawan sauraron kowa. In saniyar wannan watan babba ce kashinka ya yi tsoka, in ramammiya ce ko kuma masu rabon sun yi yawa sai ka ga kashin ya ƙanƙance ko da sauraronka bai ragu ba.

Bari in ba ka misali da lissafi mai sauƙi, ba ainihin adadinsu ba ne, don dai ka gane. A ce abin rabo naira 1,000,000 ne, duka sauraron da aka yi a watan 500,000, naka 5,000 a ciki. Kai ke da kashi 1 cikin 100, wato naira 10,000. Wata mai zuwa ka sake samun 5,000 ɗin amma wani babban mawaƙi ya saki albam sauraro gaba ɗaya ya koma 1,000,000 kuɗin kuma bai ƙaru ba, naka ya koma naira 5,000. Ba wanda ya cuce ka, tsarin ne haka.

Sannan akwai wata doka da Spotify ta fara aiki da ita a 2024 wadda ta shafi ƙananan mawaƙa sosai: waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin watanni 12 da suka wuce ba, ba a biyan kuɗin masta a kanta, wato kuɗin ɗaukar da aka yi a situdiyo (tambaya ta 4). Ni shi ya sa nake ce wa yara gara waƙa uku da ka tsaya ka tallata su da waƙa talatin da kowacce take da sauraro ɗari biyu.

3. Abokina bai kai ni yawan masu saurare ba amma ya fi ni samu, me ya jawo?

Duba inda masu sauraronsa suke. Kowace ƙasa da tukunyarta. Lokacin da Spotify ta shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021 kuɗin wata naira 900 ne, a daidai lokacin ɗan Amurka yana biyan dala 9.99, kaga ba za su zo ɗaya ba, kuma yawancin mutanenmu ma kyauta suke saurare da talla, wanda kuɗinsa ya fi ƙasa. Don haka mutum ɗari a Ingila ko Amurka ko Saudiyya suna iya kawo abin da mutum dubu a Kano ba su kawo ba. Waƙar Hausa tana da masoya a Nijar, a zangunan Ghana, Kamaru, Chadi, Sudan, da 'yan'uwanmu da ke zaune a Turai, ka buɗe Spotify for Artists da Apple Music for Artists, kyauta ne, za ka ga garuruwan da ake jin ka ɗaya bayan ɗaya.

Kuma kada wannan ya sa ka raina kasuwar gida. Spotify da kanta ta ce mawaƙan Najeriya sun samu sama da naira biliyan 25 a wajenta a 2023, a 2024 kuma sama da biliyan 58. Kuɗin yana nan, abin da ke damuna ɗan abin da ke isowa hannun masu waƙar Hausa ne.

4. Ina jin ana cewa masta da fablishin, mene ne bambancinsu?

In ba ka karanta komai a shafin nan ba ka karanta wannan, don Allah. Kowace waƙa dukiya biyu ce a haɗe. Ta farko ita ce waƙar kanta, baitocin da ka rubuta da karin da ka ɗora musu, tun kana rera ta a bakinka a cikin danfo kafin ka shigo situdiyo. Kuɗin wannan shi ake kira fablishin, na marubuci ne da wanda ya ƙirƙiri kiɗan. Ta biyu ita ce ɗaukar da aka yi, wannan fayil ɗin da na tura maka bayan mun gama miksin, shi ne masta. In gobe wata ta sake rera waƙarka da muryarta, sabon mastan nata ne, amma fablishin yana nan naka.

Manhajojin suna biyan ɓangarorin biyu ta hanyoyi daban. Kaso mafi tsoka na masta ne, yana bi ta hannun distiribita (tambaya ta 5) ko lebul, wato kamfanin da ke ɗaukar nauyin mawaƙi. Na fablishin ya fi ƙanƙanta kuma yana bi ta ƙungiyoyin karɓar haƙƙi (tambaya ta 9), shi ma ya kasu biyu, akwai na kwafar waƙa akwai na kunna ta ga jama'a. Cikin duk yaran da suka zo wajena zan iya ƙirga waɗanda suka taɓa neman kuɗin fablishin da yatsun hannu ɗaya, alhali su suka rubuta abinsu da kansu.

5. Ta yaya zan ɗora waƙata a waɗannan wuraren?

Spotify da Apple Music ba sa karɓa kai tsaye daga hannun mawaƙi, sai ta hannun dillali, shi ne distiribita. Kai ka ba shi waƙa da hoton bango da bayanai, shi ya watsa ta ko'ina, ya karɓo kuɗin masta ya zuba maka a akawun ɗinka. Tsarinsu kala-kala ne. DistroKid da TuneCore kuɗin shekara ake biya. CD Baby sau ɗaya kake biya a kan kowane aiki sannan su riƙa cire kashi 9 cikin 100. Irin su ONErpm kuma kaso suke ɗauka daga abin da ka samu. Audiomack da YouTube kana iya ɗorawa da kanka, amma ɗorawa daban, shiga tsarin biyan kuɗi daban.

Kafin ka zaɓa ka tambayi abu uku: in ka daina biyan kuɗin shekara waƙoƙin za su sauka ne ko za su zauna, suna kai waƙa Boomplay da Audiomack ko a'a tunda nan mutanenmu suka fi yawa, sannan ta wace hanya suke biyan ɗan Najeriya. Kuma a buɗe akawun ɗin da imel ɗinka da lambar wayarka, ba na yaron shagon da ya taimaka maka ba, dalilin yana tambaya ta 10.

6. Mece ce ISRC, dole sai na riƙe ta?

Lamba ce mai haruffa da alƙaluma 12 da ake bai wa kowane masta, kamar lambar mota, da ita ake gane cewa wannan sauraron naka ne. Distiribita yakan ba ka ita. Ka rubuta ta a littafi, don ranar da za ka canza distiribita in ka sake ɗorawa da wannan lambar da bayanai iri ɗaya sauraronka na baya zai biyo ka, in ka bari aka ba ta sabuwa to daga sifili ka fara.

7. Ya za mu raba da mai kiɗa da wadda ta yi min amshi?

Babu dokar da ta ce kaso kaza ne, yarjejeniya ce tsakaninku, matsalar ita ce mu ba ma yin ta sai waƙa ta fashe. Ranar rikodin kowa ɗan'uwa ne, ana shan shayi ana dariya, "haba Malam ai ba komai tsakaninmu", wata shida bayan nan waƙa ta shiga TikTok sai ka ga an daina gaisawa. Na ga wannan da idona a kan yara biyu da suke kwana ɗaki ɗaya, wallahi abin ya tsaya min a rai har yau.

Abin da nake yi yanzu, akwai takardar rabo a cikin durowar teburina, ba mai fita da fayil sai an cika ta. Sunan waƙa, kwanan wata, cikakken sunan kowa kamar yadda yake a katin shaidarsa, abin da ya yi, kasonsa a fablishin, kasonsa a masta, sa hannu, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. A wurare da yawa mai kiɗan da ya ƙirƙiri kiɗan daga tushe ana ɗaukarsa a matsayin marubuci, har rabin fablishin yakan samu. In kuma ka biya shi kuɗin aiki gaba ɗaya kun yarda ba shi da sauran haƙƙi, to a rubuta hakan ƙarara. Ita ma mai amshi haka, ko dai sallama ce ta lokaci ɗaya ko kaso, amma a faɗa mata gaskiya tun farko, don mata su aka fi dannewa a wannan harkar alhali sau da yawa muryarsu ce take sayar da waƙar. Wasu distiribitocin irin DistroKid suna da tsarin da za ka sa kason kowa kuɗin ya riƙa tafiya wajensa kai tsaye, ya fi a ce kai ne kake karɓa kana rabawa.

8. Na sayar wa furodusan fim waƙa, ko na yi wa wani ta biki ya biya ni, zan iya ɗora ta?

Ya danganta da abin da kuka rubuta. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce miƙa mallakar aiki ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Don haka in da baki kuka yi, baitocinka da karinka ba su bar hannunka ba don kawai an ba ka kuɗi. Amma masta wani zance ne, wanda ya shirya ɗaukar ya biya situdiyo yana da ƙarfin cewa nasa ne (koma tambaya ta 4). Shawarata kada ka ɗora a ɓoye, ka kira Alhajin ku zauna, ko ku raba, ko ya ba ka izini a rubuce, ko ka sake ɗaukar waƙar da kuɗinka in babu abin da ya hana.

9. Ta ina zan karɓi kuɗin fablishin?

A nan gida akwai MCSN, ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta amince da ita, ofishinta yana nan Legas. Za ka kuma ji sunan COSON, wadda hukumar ta dakatar da lasisinta a 2018 aka daɗe ana shari'a. Kafin ka sa hannu da kowace ƙungiya ka tabbatar da matsayinta a wajen hukumar. Aikinsu shi ne karɓo kuɗi daga gidajen rediyo da talabijin, otal-otal, wuraren taro da manhajoji su raba wa mambobi, amma fa sai ka yi rajistar waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya da kason kowa kamar yadda yake a takardar rabo.

A waje kowace ƙasa da nata, PRS a Ingila, ASCAP da BMI a Amurka, SACEM a Faransa. Amurka kuma tana da The MLC da ta fara aiki a Janairun 2021, ita ke raba kuɗin kwafar waƙa na manhajoji a can, shiga kyauta ne ga marubucin da ke kula da aikinsa da kansa. In ba za ka iya bin su ɗaya-ɗaya ba akwai masu yi maka wannan zirga-zirgar irin Songtrust su cire kasonsu. Abu ɗaya dai, kada ka yi rajistar waƙa ɗaya a hannun wakilai biyu a kan haƙƙi ɗaya, in bayanai suka ci karo sai a riƙe kuɗin har ku warware.

10. Na ga waƙata a Spotify ko Boomplay kuma ba ni na ɗora ba, ya zan yi?

Wannan ita ce babbar cutar waƙar Hausa. Ya faru da wani yaro da na yi wa aiki, mai sayar da albasa ne, ya tura wa wani waƙoƙinsa guda shida wai zai taimaka ya sa masa a intanet, sai bayan fiye da shekara muka gano mutumin ya buɗe akawun da sunansa shi, kuɗi suna shiga wajensa, yaron kuma yana murna ana jin sa. Da muka zauna muka duba, ko imel ɗin ba shi da shi.

Ka fara tara shaida: fayilolin aikin daga situdiyo da kwanan watansu, muryoyin da ba a haɗa ba, takardar rabo, hirarku ta WhatsApp. A ƙasan waƙar akan rubuta sunan wanda ya fitar da ita, daga nan za ka gane ta hannun wa ta bi. Duk manhajojin suna da fom na ƙorafin satar fasaha, ka cika, in aka sauke sai ka ɗora taka. Kuɗin da ya riga ya ci kuwa dawo da shi yana da wuya sai da lauya. Haƙƙinka yana tabbata tun ranar da ka yi aikin ko ba ka yi rajista ba, amma yin rajista a hukumar yana ƙara maka ƙarfi ranar rigima.

11. YouTube da TikTok fa?

YouTube ƙofa biyu ce. Ta farko tasharka, sai ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin watanni 12 kafin ka fara cin kuɗin talla, kuma sai ya taru ya kai dala 100 suke turowa. Ta biyu Content ID, wanda distiribita yake sa maka, shi ke gano duk bidiyon da wani ya sa waƙarka, na biki ne ko na barkwanci, kuɗin tallan ya zo wajenka. Amma sai kiɗan naka ne kai kaɗai. In kiɗan kyauta ka sauko da shi ko na haya wanda aka sayar wa mutum hamsin, kada ka sa shi a Content ID, za ka jawo wa kanka da wasu matsala har a rufe maka akawun.

TikTok kuɗinsa kaɗan ne in ka kwatanta da yadda waƙa take yawo a can. Amfaninsa ya tura mutane su nemi cikakkiyar waƙar, don haka ka tabbata ta riga ta hau sauran wuraren kafin ka saki guntunta.

12. Yaushe kuɗin zai shigo, kuma me ya sa na ga an yanke wani abu?

Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku, sauraron Janairu sai wajen Maris ko Afrilu ka gan shi, na fablishin ya fi haka jinkiri. Yawanci da dala ake biya, mutane suna karɓa ta Payoneer ko akawun ɗin dala na banki. Yankan da kake gani sau da yawa harajin Amurka ne, za a sa ka cika fom W-8BEN, kuma tunda babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka ana iya cire kashi 30 cikin 100 na kuɗin da ya fito daga can. Ka cika da gaskiya da sunan da ke kan akawun ɗin bankinka, sunan waƙa ba ya karɓar kuɗi.

13. Wani ya ce in ba shi kuɗi ya kawo min sauraro 50,000, in yi?

Kada ka yi. Wayoyi ne aka jera ko na'ura take kunnawa, kuma ana ganewa. Tun 2024 Spotify tana cin distiribita tara a kan waƙar da aka kama, shi kuma ya juyo kanka, a riƙe kuɗinka ko a sauke waƙoƙinka gaba ɗaya har waɗanda ba su da laifi. Wannan kuɗin gara ka yi ɗan bidiyo mai kyau da shi.

14. Lebul ya ce zai ba ni kuɗi in sa hannu, kyauta ce?

Kafin alƙalami ne, ba kyauta ba. Za su cire shi daga kasonka, sau da yawa har da kuɗin bidiyo da talla da situdiyo, sai sun gama fanshewa kafin ka fara ganin komai. A ce sun ba ka naira miliyan 2 kasonka kuma kashi 20 cikin 100 ne, sai waƙoƙin sun kawo miliyan 10 kafin bashin ya fita. Ba ina cewa lebul sharri ba ne, a Legas ɗin nan akwai ƙofofin da ba za ka buɗe kai kaɗai ba, amma ka san amsar waɗannan: shekara nawa ne, wa ke da masta kuma zai dawo hannunka, sun taɓa fablishin ɗinka ko a'a, suna da kaso a kuɗin wasa da na biki, kuma kana da ikon ganin lissafi. Ka kai wa lauyan da ya san harkar nishaɗi ya karanta maka, ba lauyansu ba, in Turancin ya yi nauyi a fassara maka da Hausa layi-layi kafin ka taɓa biro.

15. In mawaƙi ya rasu kuɗin ya tsaya ke nan?

A'a, dukiya ce, tana shiga gado kamar gida ko gona. A dokar Najeriya baitoci da kari suna da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su, masta kuma shekara 50 daga fitowarsa. Abin da yake hana iyali samu ba doka ba ce, rashin sanin inda abin yake ne. Ka samu littafi ɗaya ka rubuta sunan distiribita, imel ɗin da ka buɗe da shi, lambobin ISRC da muka yi magana a tambaya ta 6, ƙungiyar da ka yi rajista, ka haɗa da kwafin takardun rabo, ka nuna wa matarka ko wani ɗan'uwa da ka yarda da shi inda ka ajiye. Magada za su buƙaci takardar kotu ta gado kafin kamfanonin su mayar da akawun ɗin sunansu.